Ɗaurin Talala: Idan Alƙali Ya Maido Miki Da Ɗanki Gida



Tun bayan rubutun da muka yi kan shaye-shayen matasa, tambaya ɗaya ce ta riƙa maimaituwa a ƙasan shafin daga bakin mata daban-daban: yaro ya yi laifi, an kama shi, an kai shi kotu, shin babu wata hanya sai gidan yari? Wata ta ce ɗanta mai shekara 19 ne ya ɗauki janareton maƙwabci ya sayar. Wata kuma ƙaninta ne ya yi faɗa a tasha har ya fasa gilashin motar mutane. Babu wadda ta ce nata bai yi laifi ba. Fargabarsu ɗaya ce: idan ya shiga, wane irin mutum za a dawo musu da shi?

Akwai wata hanyar, kuma a rubuce take cikin dokokin Najeriya. Alƙali yana da ikon hukunta mai ƙaramin laifi ba tare da ya kulle shi ba. Sai dai hanyar nan a ƙofar ɗakinki take ƙarewa, 'yar'uwa, domin idan kotu ta ce yaro ya je gida ya yi zaman hukuncinsa, gidanki ake nufi. Shi ya sa nake so mu san ta tun kafin ranar buƙata. Allah Ya sa kada ranar ta zo wa kowa a cikinmu.

Ni ta ƙofar asibiti na shigo wannan magana. Duk ma'aikaciyar jinyar da ta yi aiki a asibitin gwamnati ta san yadda ake kawo marar lafiya daga gidan gyaran hali: ganduroba a gaba, ganduroba a baya, a kwantar da shi a gadon can ƙurya, wani lokaci da ankwa a ƙafa. Yawancinsu samari ne da gemu bai gama fito musu ba. Ƙazwa ta cinye tsakanin yatsu, ga tari na wata da watanni, ga rama har ana ƙirga haƙarƙari. Kina ɗaura masa ruwa kina tambayarsa shekara nawa aka yanke masa, sai ya ce miki ai ba a yanke ba tukuna, jiran shari'a yake yi.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Kusan biyu cikin kowane mutum uku da ke tsare a gidajen gyaran halin ƙasar nan jiran shari'a suke yi. A watan Nuwamban 2023 ministan harkokin cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ce akwai mutum 80,804 a gidaje 253, alhali duka gidajen in an haɗa su ba su kai su ɗauki mutum 50,000 ba. A lokacin ne aka tara naira miliyan 585 domin a fitar da mutum 4,068 da suke zaune saboda sun kasa biyan tara. Ki raba kuɗin nan da yawan mutanen, za ki ga kowane ɗaya bai kai naira 150,000 ba. Alƙali da kansa ya ga laifinsu na tara ne, talauci ne ya mayar da shi na ɗauri.

Inda aka cunkushe mutane a ɗakin da iska ba ta ratsa shi sosai, tarin mutum ɗaya na kowa ne. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna tarin fuka ya ninka kusan sau goma a cikin kurkuku idan aka kwatanta da waje. Cutar kuwa ba ta san katanga ba. Ranar da aka sallami yaron da ita zai dawo, ya kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa, ya ɗauki jaririn yayarsa yana yi masa wasa. Ɗaya cutar da ake ɗaukowa a can ba ta fitowa a gwajin jini: wanda ya shiga saboda kaza biyu zai yi wata shida yana kwana kusa da wanda ya san yadda ake fasa shago da inda ake sayar da kayan. Zama da maɗaukin kanwa dai kin san abin da yake kawowa.

Abin da doka ta tanada

Dokoki biyu ne suka faɗaɗa wannan ƙofa. Ta farko ita ce dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA a taƙaice. Ita a Abuja da kotunan tarayya take aiki, amma jihohi sun yi nasu a kan tsarinta, kamar Kaduna a 2017 da Kano a 2019. Ta biyu ita ce wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2019, wadda ta mayar da hukumar gidajen yari ta koma hukumar gyaran hali. Da yawanmu sunan kawai muka ji, muka ce an dai canza wa tuwo suna. Alhali dokar ta raba hukumar gida biyu ne: ɓangaren masu tsare mutane a cikin katanga, da ɓangaren jami'an da aikinsu shi ne sa ido kan masu laifin da ke zaman hukuncinsu a cikin jama'a.

Bahaushe yana da sunan wannan abu tun kafin dokar ta zo. Ɗaurin talala shi ne a ɗaure akuya da doguwar igiya: tana kiwo, tana shan ruwa, tana kwanciya a inuwa, amma iyakar igiyar ita ce iyakarta. Mai kallo daga nesa zai ɗauka a sake take. Ita ta san ba a sake take ba.

Nau'in farko shi ne wanda za ki ji lauyoyi suna ce wa firobeshan. Kotu ta saurari shari'a, ta gamsu cewa yaron ya aikata, amma sai ta dubi shekarunsa, da halinsa na baya, da lafiyarsa ta jiki da ta ƙwaƙwalwa, da ƙanƙantar laifin, ta ga ɗauri ba zai yi amfani ba. Sai ta sallame shi bisa alƙawarin zai kama kansa na wani lokaci da bai wuce shekara uku ba, a ƙarƙashin kulawar wani jami'i. Ana iya gindaya masa inda zai zauna, a hana shi kayan maye, a hana shi hulɗa da ɓata-gari da zuwa wuraren da suke taruwa. A dokar tarayya kotu tana iya yin haka ba tare da ta rubuta masa hukuncin mai laifi ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ranar da zai cike takardar neman aiki a tambaye shi ko an taɓa yanke masa hukunci. Idan kuwa ya saɓa sharaɗi, za a kamo shi a hukunta shi kan laifin farko ba tare da an sake kiran shaidu ba.

Akwai kuma hukuncin da ake jinginewa, wato a yanke ɗaurin amma a ce ba zai shiga ba muddin bai karya sharaɗi ba. Sai aikin al'umma, wanda shi ne muka fi gani: shara, yankan ciyawa, yashe kwata, wanke wuraren jama'a, ko aikin gona. Dokar tarayya ta ce kada ya wuce wata shida, kada kuma ya wuce awa biyar a rana, kuma a yi shi kusa da inda mutumin yake zaune domin jama'arsa su sa masa ido. Kuna iya tunawa a watan Afrilun 2020 wata kotu a Legas ta yanke wa jarumar fim Funke Akindele aikin al'umma na kwana 14 da tarar naira 100,000 saboda ta yi biki a lokacin kullen korona. A Kano ma, a 2023, kotun shari'ar Musulunci ta sa wata fitacciyar 'yar TikTok sharar asibitin Murtala na mako uku. Abin da ya kamata ki ɗauka daga labaran nan shi ne dokar da aka yi musu aiki da ita ba ta masu suna ba ce kaɗai. Ɗan mai ƙosai ma yana da hakki a cikinta.

Asalin abin ma ba daga wani babban alƙali ya fito ba. A 1841 wani mai ɗinkin takalma a birnin Boston na Amurka, John Augustus, ya roƙi kotu ta ba shi wani mashayi da za a ɗaure, ya ce zai riƙe shi. Bayan mako uku ya dawo da shi fes, alƙali ya ci shi tarar sisin kwabo ya sallame shi. Kafin rasuwarsa a 1859 mutumin nan ya tsaya wa kusan mutum 2,000. Abin da ya yi bai wuce abin da kawu ko ubangidan sana'a yake yi a wajenmu ba idan ya ce "a ba ni shi, ni zan riƙe shi."

Na san abin da wasunku za su rubuto, kuma ban ga laifinku ba. Wadda aka soki ɗanta da wuƙa saboda waya ba za ta so jin ana maganar sassauci ba, kuma mu a asibiti mu muke ɗinke waɗannan raunuka, mu muke fita mu gaya wa uwa an yi haƙuri. To ki kwantar da hankalinki: dokar tarayya ta hana a jingine hukunci ko a ba da aikin al'umma ga laifin da aka yi amfani da makami a cikinsa, ko laifin fyaɗe da danginsa, ko wanda hukuncinsa ya wuce ɗaurin shekara uku. Mai ƙwacen waya da wuƙa ba ya cikin wannan lissafi. Sannan ga wanda aka yi wa ƙaramar sata, ki tambayi kanki me ya fi masa amfani: a kulle yaron wata shida janaretonsa ya tafi ke nan, ko a bar yaron yana aiki a waje kotu ta tilasta masa biya? Doka ta ba alƙali ikon haɗa talala da biyan diyya. Har ma ta ce idan yaron bai kai shekara 18 ba, kuma kotu ta ga iyaye sun san abin da yake yi suka kau da kai, su za a sa su biya. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar kotu

Alƙalai da yawa sun saba da abu biyu kawai, ɗauri ko tara. Idan ba a roƙa ba, ba lalle su tuna da na ukun ba. Akwai ɗan lokaci bayan an tabbatar da laifi kafin a yanke hukunci da ake ba wanda ake ƙara dama ya nemi sassauci. A nan ne lauya zai tashi ya ce laifin farko ne, yaron ɗalibi ne ko yana koyon sana'a, ga wanda zai tsaya masa, a yi masa talala ko aikin al'umma. Wannan 'yan mintoci sun fi duk kukan da za ki yi a harabar kotu amfani, don haka a shirya musu tun da wuri. A zo da shaidar makaranta. A zo da ubangidansa na gareji ko na shagon ɗinki da kansa. Idan yana da ciwon da yake shan magani, sikila ko farfaɗiya ko asma ko matsalar ƙwaƙwalwa, a zo da katin asibiti, domin lafiya tana cikin abubuwan da doka ta ce alƙali ya duba.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne sulhu da wanda aka cuta. Kada ki jira sai kotu ta ce. Ki sa a samu mai unguwa ko limami ko wani dattijo da maƙwabcin yake jin nauyinsa, a je a ba shi haƙuri, a mayar da kayan ko a fara biya ko da kaɗan-kaɗan ne, a rubuta a takarda da shaidu. Alƙalin da ya ji mai ƙara da bakinsa yana cewa an biya shi rabi kuma ya amince da sauran, hannunsa ya fi sakuwa.

Idan babu kuɗin lauya, akwai hukumar ba da agajin lauya ta gwamnatin tarayya da ke da ofis a jihohi, aikinta ke nan, ta tsaya wa marasa hali kyauta. Ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA ma tana taimaka wa mata da yara. Ki guji masu tare mutane a bakin kotu suna cewa sun san alƙali. Kuma kada a lallashi yaro ya amsa laifin da bai yi ba wai don a yi masa talala a wuce wurin. Amsa laifi ba a goge shi da sauƙi.

Abu biyu kuma da mata da yawa ba su sani ba. Dokar 2015 ta ce ba a hana mutum tsaya wa wani beli don kawai mace ce. Ta kuma hana a kama wani a madadin wanda ake nema, don haka ba a tsare uwa wai sai ɗanta ya fito. Ki faɗe su cikin ladabi, amma ki faɗe su.

Bayan ya dawo gida

A nan ne nake so mu yi wa juna gaskiya. Ranar da yaro ya dawo daga kotu ba a kulle shi ba, gida yakan ɗauka shari'a ta ƙare. A dafa shinkafa, a yi barka, washegari kowa ya koma harkarsa. Alhali ranar ce hukuncin ya fara, kuma jami'in da aka ɗora wa kula da shi mai yiwuwa yana da wasu da yawa a hannunsa, ga nisa, ga kuɗin mota. Zai zo jefi-jefi ko ya kira a waya. Wadda take ganin lokacin da yaron yake shigowa da daddare, da kalar idonsa, da sababbin takalman da ba ta san inda ya samo kuɗinsu ba, ke ce.

Kotu tana ba da sharuɗɗan a rubuce. Ki karɓi takardar, ki sa a karanta miki ita da Hausa layi-layi a gaban yaron da mahaifinsa, ki ɗauki hotonta a wayarki. Ranakun da zai je sa hannu ko zai je aiki ki sa musu ƙararrawa a wayar nan da kike karanta ni da ita. Ki karɓi lambar jami'in. Idan yaro ya kwanta rashin lafiya ranar aikinsa, a kira a faɗa a ranar, a karɓi takardar asibiti a ranar. Mukan ga iyaye sun zo bayan mako biyu suna roƙon a rubuta musu takarda da kwanan watan baya, kuma babu ma'aikacin kirki da zai yi haka. A aikin al'umma ana neman wanda zai tsaya wa mai laifin, dangi ko wani mai mutunci, kuma idan yaron ya gudu shi za a ci tara. Kafin ki roƙi yayanki ya sa hannu, ki gaya masa wannan.

Sai babbar jarrabawar, wato rufa-rufa. Mu iyaye mata mun iya ta. Jami'i ya kira, ki ce yana masallaci alhali tun jiya ba ki sa shi a ido ba. Mahaifinsa ya tambaya, ki ce ya kwanta. Kina ganin kina ceton sa ne daga gidan yari. Abin da yaron yake koya kuwa shi ne igiyar ba ta da ƙarfi, don haka zai ƙara ja. Jami'in nan ba ɗan sanda ba ne; aikin da doka ta ba shi ya haɗa da ba yaron shawara, da taimaka masa, har da nema masa aiki idan da hali. Idan kika gaya masa tun wuri cewa yaro ya fara komawa wajen tsofaffin abokansa, akwai damar a ja masa kunne a gyara. Idan kika ɓoye har aka kama shi da sabon laifi, hukunci biyu zai haɗu a kansa, kuma ƙofar talala da wuya ta sake buɗe masa. Ga kuma abin da na ce ki riƙe ɗazu: kau da kai yana iya mayar da ke mai biyan diyya.

Iyaye maza kuma nasu ya sha bamban. Wani da zuciya ta ɗebe shi sai ya ce ya cire hannunsa, kada yaron ya sake taka masa gida. Ki samu lokacin da ya huce ki nuna masa takardar: idan sharaɗin kotu shi ne yaro ya zauna a gidan nan, korarsa daidai take da tura shi ya karya doka. In zaman ba zai yiwu ba, ko kuma unguwar ce matsalar, ana iya mayar da shi wajen kawu ko kaka a wani gari, amma sai an sanar da jami'in an nemi izinin kotu tukuna. Ki kuma tsawata wa 'yan'uwansa kan gori. Yaron da ake kira ɓarawo a kan kwanon tuwo zai nemi inda ba a kiransa haka, kuma kin san ina ne.

Awa biyar ce aikin al'umma, saura awa 19 a rana. Su ne abin tsoro. Yaron da ya gama shara da hantsi ya dawo ya zauna ba makaranta ba sana'a, majalisar da ta kai shi ga laifin tana nan tana jiransa a bakin layi. Ko da ba za a biya shi ko sisi ba, a samu shagon da zai riƙa wuni.

Yanzu bari in sa rigar aikina. Idan cikin sharuɗɗan akwai barin kayan maye, kuma yaron ya daɗe yana shan tiramol ko kodin, kada ki zaci alƙawarin da ya yi a gaban alƙali ya isa. Jikin da ya saba zai nemi abinsa: gumi, hamma ba ƙaƙƙautawa, majina, ciwon gaɓoɓi, murɗar ciki da gudawa, rashin barci, saurin fushi. Ba iskanci ba ne, ba kuma aljanu ba ne. Masu shan ƙwayoyin sa barci irin su diyazafam kuwa, yanke su farat ɗaya yana iya jawo jijjiga mai haɗari, sai a hankali ake rage su a hannun likita. A kai shi asibiti tun makon farko. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, kuma hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara. Katin asibitin nan shi kansa shaida ne a gaban kotu cewa gida yana ƙoƙari. Abin da nake roƙonki kada ki yi shi ne kai shi gidan mari. Ba mu manta da abin da aka gano a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 ba, inda 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, kuma yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu da niyyar gyara.

Ga waɗanda nasu ya riga ya shiga, akwai sakin talala, wanda lauyoyi ke ce wa farol. Shi na masu dogon hukunci ne. A dokar 2015, wanda aka yanke wa shekara 15 ko fiye, ko ɗaurin rai-da-rai, idan ya nuna hali nagari kuma ya ci rabon da doka ta ƙayyade, kashi ɗaya cikin uku ga mai ƙidayayyun shekaru, shugaban hukumar yana iya rubuta wa kotu, kotu ta saurari ɓangarorin biyu ta dakatar da sauran wa'adin. Gaskiya har yanzu wannan bai yawaita a aikace ba. Abin da muka fi gani shi ne afuwar gwamna, musamman da azumi ko sallah, da ziyarar da babban jojin jiha yake kaiwa gidajen yana sallamar waɗanda suka daɗe ba a yi musu shari'a ba. Maganar da ake yi cewa a gidan yari dare daban ake ƙirgawa rana daban kuwa, ba haka ba ne. Rangwamen kashi ɗaya cikin uku ake yi wa mai kyan hali, shi ya sa shekara take komawa wata takwas, kuma ana iya rage masa rangwamen idan ya yi laifi a ciki.

Ko ta wace hanya ya fito, kafin walima a fara da asibiti. Tarin da ya kai mako biyu, zazzaɓin yamma, gumin dare, rama: a je a yi gwajin majina. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma wata shida ake sha ba fashi, ko da ya ji sauƙi a wata na biyu. Idan an same shi da ita a kawo yaran gidan ma a duba su, musamman 'yan ƙasa da shekara biyar. Ƙazwa kuma gida duka ake yi wa magani lokaci ɗaya, a wanke kayan sawa da na shimfiɗa da ruwan zafi a shanya a rana, in ba haka ba za ta yi ta zagaye. Idan dama yana shan wani magani a ciki, a tambaya a ci gaba da shi, kada a yanke.

Mako biyun farko su ne mafi haɗari ga wanda yake shaye-shaye kafin a kama shi. Wani bincike da aka wallafa a 2007 kan mutum fiye da 30,000 da aka sallama daga kurkuku a jihar Washington ta Amurka ya gano cewa a waɗannan kwanaki 14 haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran jama'a fiye da sau 12, kuma yawan shan ƙwaya ne kan gaba. Dalilin a fili yake ga duk ma'aikacin lafiya: jiki ya manta da ƙwayar a watannin da ya yi a tsare, shi kuma ya fito ya sha adadin da ya saba sha a da. Abokai kuma da ita suke zuwa yi masa barka. Ki gaya masa wannan ƙarara tun daren farko. Idan kika ga barcin da ba ya tashi ko an girgiza shi, numfashi yana ja a hankali, leɓe ya sauya launi, kada a ba shi madara ko manja, kada a jira gari ya waye. A kwantar da shi a gefe ɗaya a nufi asibiti.

Mata ma suna shiga, ko da yake ba su wuce kusan biyu cikin ɗari na waɗanda ke tsare ba. Ƙa'idojin Bangkok da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2010 sun ce mai ciki da mai ƙananan yara a fifita yi musu hukuncin da ba na kulle ba matuƙar laifin ba na tashin hankali ba ne. Idan 'yarki ce ko ƙanwarki a gaban alƙali kuma tana da ciki ko goyo, lauya ya faɗa, a nuna katin awo.

Abu ɗaya da ba na so a yadda muke yin aikin al'umma shi ne mayar da shi abin kallo. Da an ga mutum da tsintsiya da jami'i a bayansa sai wayoyi su tashi, kafin la'asar ya zaga WhatsApp. Alƙali wata ɗaya ya yanke masa. Bidiyon nan shekara goma zai yi yana binsa, har ranar da za a je nema masa aure. In ya zo wayarki, ki goge.

Masu son ba da labarin abin da suka gani a kotu ko a gida, fili naku ne a ƙasa, musamman waɗanda aka taɓa yi wa nasu talala a jiharsu, domin sauran su san yadda abin yake tafiya a can. Sai dai don Allah kada a rubuta sunan yaro, ko unguwa, ko kotun da shari'ar take, musamman idan ba a gama ta ba. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan ƙyanda da allurar rigakafinta, tunda zafi ya fara shigowa.